SABUNTA ZAMAN ZUMUNTA DA AIKIN BISHARA: ABIN DA MUKA GANI A GONAR MAƘWABTA

Jawabin Babban Baƙo Mai Jawabi a Bikin Cikar Ikkilisiya Shekara 50



Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya riƙe wannan Ikkilisiya har shekara 50. Yawancin waɗanda suka fara sujada a nan sun yi barci cikin Ubangiji. Kaɗan da suka rage ga su nan a gabanmu da furfurarsu, Allah ya ƙara musu ƙarfi. Muna kuma gode wa kwamitin biki da ya ba mu wannan zarafi, ya ce mu yi magana a kan farkawa da aikin bishara.

Ankon biki ya yi kyau, ƙamshin shinkafa ma ya iso mana tun daga bakin ƙofa. Amma idan muka duba Littafin Firistoci sura 25, za mu ga jubili komawa ce. A shekara ta hamsin akan busa ƙaho, wanda ya sayar da gonarsa ya koma gādonsa, bawa ya koma wurin danginsa. Tambayar da ke gabanmu yau ita ce, idan jama'ar Allah ta daɗe, ta yi gine-gine, ta yi suna, ta wace hanya take komawa wurin da ta fara?

Manomi mai hankali, in zai gyara gonarsa, yakan leƙa ta maƙwabcinsa. Gonar da za mu leƙa yau ita ce ta wasu ƙungiyoyi a cikin Ɗarikar Katolika. Mun san wani zai ce a zuciyarsa, me ya haɗa kifi da kaska? Labudda akwai bambancin koyarwa tsakaninmu da su, a kan Maryamu, a kan roƙo ta wurin tsarkaka, a kan ikon Paparoma, ba kuwa mun zo mu shafe wannan ba ne. Amma tun 1976 muke zama tare da su a ƙungiyar CAN, kuma ran da rikici ya tashi, masu ƙone majami'a ba sa tsayawa su karanta allon da ke bakin ƙofa. Bugu da ƙari, mutanen nan sun yi shekara 800 suna fama da abin da mu muka fara ɗanɗanawa a shekara 50. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi.

A Katolika akwai Fada wanda muka fi sani, mai kula da majami'a a ƙarƙashin Bishop. Akwai 'yan zuhudu, masu keɓe kansu a gida guda har mutuwa. Sa'an nan akwai kashi na uku, waɗanda Turawa ke kira firaya. Kalmar daga Latin ta fito, ma'anarta ɗan'uwa, don haka 'Yan'uwa za mu riƙa ce da su. Sukan ɗauki alkawarin talauci, da rashin aure, da biyayya. Gidansu ɗaya, tukunyarsu ɗaya, asusunsu ɗaya, lokacin addu'arsu ɗaya, amma da gari ya waye sai su fita cikin jama'a su yi wa'azi. Manya a cikinsu su ne Faransiskan, da Dominikan, da Agustiniyan, da 'Yan'uwan Karmel.

Bari mu fara da Dominik, mutumin ƙasar Sifen. A 1206 shi da Bishop ɗinsa Diyego suna ratsa kudancin Faransa, suka tarar da manzannin Paparoma sun karaya, sun yi wa'azi sun gaji ba mai saurarensu. Jama'ar wurin sun bi wata koyarwa ta dabam, wadda malamanta ke yawo a ƙasa, suna azumi, ba su da komai. Manzannin Roma kuwa da dawakai da barori da tufafi masu tsada suke zuwa. Shawarar da Diyego ya ba su gajeriya ce: su sallami dawakan da barorin, su taka ƙasa, su tafi ba jaka ba kuɗi kamar yadda Ubangiji ya aiki almajiransa a Luka sura 10. Daga wannan shawara ƙungiyar Masu Wa'azi ta tsiro, Paparoma Honoriyus na Uku ya amince da ita a 1216.

Ga abin da ya fi ba mu mamaki. Ran 15 ga Agusta 1217, lokacin da 'Yan'uwan ba su kai ashirin ba, ba su ma gama sabawa da juna ba, sai Dominik ya rarraba su, waɗansu Paris, waɗansu Sifen. Abokansa da manyan gari suka ce zai kashe ƙungiyar tun tana jaririya. Dalilin da aka ce ya bayar, kowane manomi a nan zai gane shi: irin da aka jibge a rumbu lalacewa yake yi, wanda aka watsa a gona shi ke ba da amfani. Duk da haka bai watsa su ɗai-ɗai ba. Rukuni-rukuni suka tafi, inda suka sauka kuma suka kafa gida. Dokarsu ta ce ba a buɗe gida sai da shugaba da malami mai koyarwa, domin mai wa'azi ya ci gaba da karatu har tsufansa. Shugaban kuma zaɓensa ake yi. Mu da muka yi makarantar Littafi Mai Tsarki mun san yadda littattafai ke komawa cikin akwati bayan an karɓi takardar shaida, su zama abincin gara. Dominik ya hango wannan tun shekara 800 da suka wuce.

Faransis na Asisi a Italiya ɗan attajiri ne mai sayar da yadi. Ya bar dukiyar ubansa, ya shiga jiyyar kutare, a 1209 ya tafi Roma da abokansa kamar goma sha biyu aka ba su izini. Suka kira kansu Ƙananan 'Yan'uwa. Dokarsu ta hana su karɓar kuɗi ko kwabo. A 1219, ana tsakiyar yaƙi tsakanin Kiristocin Turai da Musulmi, ya ƙetare filin daga a Damiyetta ta ƙasar Masar ba takobi ba garkuwa, ya je gaban Sarki Al-Kamil ya yi masa maganar Almasihu. Sarkin bai tuba ba, amma ya karɓe shi da mutunci ya sallame shi lafiya. Mu da ke zaune ƙofa da ƙofa da 'yan'uwanmu Musulmi, wannan labari namu ne.

To, me ya faru bayan haka? Faransis ya rasu a 1226, watau shekarar 2026 ita ce ta 800 da rasuwarsa. Shekara biyu kacal bayan rasuwar, a 1228, aka aza harsashin wata ƙatuwar majami'a domin kabarin mutumin da ya ƙi mallakar ko bukka. A 1230 Paparoma Giregori na Tara ya ba da fassarar da ta yarda wani wakili ya riƙa karɓar kuɗi a madadin 'Yan'uwa. Hannunsu bai taɓa kuɗi ba, amma kuɗi yana yi musu aiki. Ba za mu yi saurin zarginsu ba, gama sun riga sun zama dubbai, akwai tsofaffi, akwai marasa lafiya, akwai ɗalibai masu bukatar littattafai. Kowane sauƙi da aka yi yana da hujjarsa mai kyau. Haka sanyi yake shiga Ikkilisiya, ba ya zuwa da ganga, da hujja mai kyau yake zuwa. Gardama ta yi zafi tsakanin masu son sauƙi da masu son tsohuwar hanya, har a 1318 aka ƙone 'Yan'uwa huɗu da wuta a birnin Marsel saboda sun ƙi sauka daga ra'ayinsu.

Dominikan ma ba su tsira ba. Ƙungiyar da aka kafa domin rinjayar mutane da wa'azi da tawali'u, daga cikinta aka riƙa ɗaukar alƙalan kotun binciken bangaskiya, wadda ta azabtar da mutane da yawa. Tetzel, mai tallan takardun gafara a Jamus, shi ma ɗan Dominikan ne. Muna faɗin wannan domin kada wani ya ce mun zo yabon gonar maƙwabci mun rufe ido ga ƙayar da ke ciki.

Amma abin lura shi ne, duk lokacin da wutar ta yi kamar za ta mutu, sai a sami waɗansu kaɗan a cikin gida su ce, mu koma ga abin da aka fara da shi. Kusan kullum kuwa gyaran daga ƙaramin gida yake tasowa, inda mutum uku ko biyar suka koma addu'a tare da cin tuwo a akushi ɗaya, daga nan wa'azinsu ya sake yin kaifi. Haka aka yi da masu kiyaye doka a cikin Faransiskan, waɗanda Barnadino na Siyena ya yi fice a cikinsu. Haka Kafushin, da aka amince da su a 1528, waɗanda suka yi suna wajen jiyyar masu annoba. Haka 'Yan'uwan Karmel, da Yahaya na Gicciye ya fara gyaransu a wani ɗan gida a ƙauyen Duruwelo a 1568. Ba kowane gyara ne ya ƙare lafiya ba. A 1517 Paparoma Liyo na Goma ya raba Faransiskan gida biyu domin sulhu ya gagara. A wannan shekara ce kuma Martin Luta ya fito da batutuwansa 95. Matasa, ku riƙe wannan: Luta ɗan Agustiniyan ne, ya shiga gidansu na Erfurt a 1505, gidan kuwa yana cikin reshen masu gyara. A can ya koyi tashi da dare yin addu'a, a cikin ƙungiyar kuma aka sa shi nazari da koyar da Littafi Mai Tsarki. Ashe mu ma cibiyarmu tana binne kusa da wannan gona.

Akwai labari ɗaya da muke so mu daɗe a kansa, domin ya nuna yadda zaman zumunta ke riƙe wa'azi. A 1510 waɗansu Dominikan kaɗan suka sauka a tsibirin Hisfaniyola, inda ƙasashen Haiti da Jamhuriyar Dominika suke yanzu. Suka ga yadda Sifaniyawa, masu zuwa majami'a kowace Lahadi, ke bautar da 'yan ƙasa a gonaki da ramukan zinariya har suna mutuwa kamar ƙudaje. 'Yan'uwan suka yi addu'a da azumi, suka zauna tare suka shirya wa'azi guda, kowa ya sa hannu, sa'an nan suka zaɓi wanda ya fi su murya, Antoniyo Montesinos, ya hau bagade. Wata Lahadi a watan Disamba 1511, gwamna Diyego Kolumbus da manyan gari suna zaune a gaba, ya ɗauki nassinsa daga Yahaya 1:23, ya gaya musu cewa suna cikin zunubi mai kai ga hallaka saboda abin da suke yi wa mutanen da Allah ya halitta kamarsu.

Da aka tashi, manyan suka garzaya gidan 'Yan'uwa suna neman a fito musu da mai wa'azin ya janye maganarsa. Shugaban gidan, Fedro na Kordoba, ya ce musu wa'azin ba na mutum ɗaya ba ne, na gidan ne gaba ɗaya. Lahadi ta zagayo, majami'a ta cika maƙil ana jiran ban haƙuri, sai Montesinos ya hau ya maimaita maganar, ya ƙara mata gishiri. Ƙara ta kai har fadar Sarkin Sifen, a 1512 aka fito da dokokin Burgos, waɗanda suka yi magana a kan haƙƙin 'yan ƙasar. Dokokin ba su isa ba, zaluncin bai tsaya ba, amma an fasa ƙwai. Iyayenmu Fastoci, da Montesinos shi kaɗai ne, da kafin mako ya zagayo an yi masa canjin wurin aiki. Nawa ne a cikinmu suka haɗiye gaskiya a bagade domin sun san ran Litinin ba wanda zai tsaya a bayansu? Dattawa, ku ma tambayar ta shafe ku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙafar 'Yan'uwan nan ta taka ƙasarmu tun da daɗewa. A 1710 Faransiskan biyu, Karlo Mariya da Seberino, suka taso daga Tarabulus suka bi ayari ta Fazzan da Agadas, domin sun ji jita-jitar akwai Kiristoci a kudu da Borno. Suka iso Katsina, a nan ciwo ya kama su suka rasu a 1711. Ba su bar majami'a ba, ba su bar ko bishiya mai sunansu ba. Wannan fa shekara 182 ke nan kafin su Gowans da Kent da Bingham su sauka a Legas a 1893.

A zamanin iyayenmu, Agustiniyan daga ƙasar Ailan suka iso Nijeriya a 1938, a 1940 suka kafa tasharsu a Sugu kusa da Ganye, aikinsu ya bazu a Adamawa da Borno. Dominikan daga Shikago ta Amurka suka sauka a Yaba a 1951, a 1953 aka danƙa musu yankin Sakkwato, suka zauna a Gusau. Yawancin masu cika musu majami'a a lokacin baƙi ne daga kudu, ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa. Da rikicin 1966 ya auku, jama'ar suka gudu, benci ya zama wayam. Wannan masifa ta sa suka ƙara mai da hankali ga Hausa da Maguzawan ƙauyuka a wajen Malumfashi, da horar da 'yan ƙasa. Ikkilisiyar gari da ke cika da ma'aikatan da canjin aiki ya kawo, ta tambayi kanta, mutum nawa ne a benci waɗanda bishararta ce ta haife su?

Gyara mafi girma na zamaninmu ya zo ta wurin babban taron Batikan na Biyu, daga 1962 zuwa 1965. A watan Oktoba 1965 taron ya umarci dukan ƙungiyoyin nan su yi abu biyu a lokaci guda: su koma ga Bishara da ruhun waɗanda suka kafa su, su kuma daidaita rayuwarsu da zamani. Kowace ƙungiya ta zauna ta sake rubuta dokokinta, Dominikan suka yi nasu a 1968 kusa da Shikago. A ganinmu, kashi na biyu ya fi na farko sauƙi, shi ya sa wurare da yawa suka yi shi da gudu. Sauya tufafi da sassauta lokacin tashi ba wuya. Komawa ga addu'a da talauci shi ne aiki. Dubbai suka ajiye alkawarinsu suka fita. Babban reshen Faransiskan da ya haura mutum 25,000 a shekarun 1960, wajen 2020 bai kai 14,000 ba. A 2014 shugabansu na duniya ya fito fili ya sanar cewa hedkwatarsu ta faɗa cikin babbar matsalar kuɗi saboda sakaci da mu'amaloli marasa kyau. 'Ya'yan mutumin da ya ƙi taɓa kwabo ke nan. A 2023 waɗansu lardunansu a Amurka suka haɗe suka zama ɗaya saboda ƙarancin mutane.

Da suka zauna binciken ciwon, abin da shugabanninsu suka yi ta nanatawa shi ne, cutar tana cikin gida. 'Yan'uwa suna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya amma kowa da aikinsa, da motarsa, da abokansa na waje, yanzu kuma da wayarsa. Gida ya zama masauki. A 1994 Roma ta fito da takarda musamman a kan zaman 'yan'uwantaka, inda ta nuna cewa zaman tare cikin ƙauna shi kansa wa'azi ne, daidai da abin da muke karantawa a Yahaya 13:35. Waɗansu ba su jira takarda ba. A 1987 Kafushin takwas a birnin New York suka bar gidajensu masu daɗi suka koma unguwar matalauta ta Bronx, suka fara sabon reshe, matasa kuwa suka yi ta shiga. Inda aka sassauta komai, matasa ba su zo ba. Inda aka ce ga wuya, ga addu'a, ga matalauta, nan suka nufa. Iyaye, kada mu ɗauka kiɗa da fitilu kaɗai ke riƙe 'ya'yanmu.

Yau ƙarfin ƙungiyoyin nan ya karkata zuwa Afirka da Asiya. Lardin Dominikan na Nijeriya da Gana ya tsaya da ƙafarsa a 1993, na Agustiniyan a 2001. A 2019 Dominikan suka zaɓi ɗan ƙasar Filifin ya shugabance su. 'Ya'yan waɗanda Turawan Ailan suka yi wa baftisma su ne yanzu ke zuwa Turai riƙe majami'u. Paparoma Liyo na Goma Sha Huɗu, da aka zaɓa a watan Mayu 2025, ɗan Agustiniyan ne, ya shugabanci ƙungiyar daga 2001 zuwa 2013, ya kuma sha zuwa Nijeriya a lokacin. Amma yawa ba shi ne lafiya ba. Faransiskan ma dubbai ne a 1230.

'Yan'uwa ƙaunatattu, mu ba mu ɗauki alkawarin rashin aure ba, Allah ya ba mu iyali, mun gode masa. Ba kuma muna cewa a rushe wannan gini mai kyau ba. Amma tsofaffinmu da ke zaune a nan za su shaida cewa irin rayuwar da muka kwatanta ba baƙuwa ba ce a gare mu. Lokacin da Sabon Rai Don Kowa ya taso a shekarun 1960, ƙananan ƙungiyoyin addu'a ne a gidaje, daga nan a fita biyu-biyu da ƙafa ko da keke, a kwana a zauren wanda ya karɓe ku, a ci abin da aka ba ku. Gādonmu ke nan, shi ne gonar da ƙahon jubili ke kiranmu mu koma.

Saboda haka muna da roƙo ga Majalisar Dattawa. A zamanku na farko bayan wannan biki, ku sa ma'aji ya kawo littafin baiko na shekara biyar da suka wuce, a karanta a gaban kowa nawa aka kashe a kan siminti da kujeru da na'urar magana, nawa kuma ya isa hannun masu bisharar da ke ƙauyuka. Ga su can a zaune, waɗansunsu da rancen kuɗin mota suka zo bikin nan. Kowane ɗayansu shi kaɗai yake a tasharsa, shi ne mai wa'azi, shi ne mai kiɗa, shi ne mai binne gawa, ba wanda zai gaya wa damuwarsa, a wuraren da yanzu masu garkuwa da mutane ke yawo. A Markus 6:7 Ubangiji biyu-biyu ya aike su. In kuɗi bai isa a tura biyu ba, to, a haɗa kowane mai bishara da gidaje biyar na wannan Ikkilisiya, waɗanda za su san sunan matarsa da na 'ya'yansa, su kai masa ziyara, gama zumunta a ƙafa take. Ku kuma ware rana ɗaya a wata da Fasto da Dattawa da masu bishara za su zauna, ba ajanda ba minti, su ci abinci tare, su buɗe Littafi Mai Tsarki tare, su yi wa juna addu'a. Zumuntar Mata sun daɗe suna yin irin wannan, maza su je su tambaye su yadda ake yi.

Shugaban taro, iyakar abin da muka kawo ke nan.  Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.